Guɗar da Ummi Ta Ajiye

Wata safiya ina dako a tashar jirgin ruwan Jidda, sai na hango Ummi, wata tsohuwa Bakanuwa da na sani, ta riƙe wani dattijo da ya sauko daga jirgin Bur Sudan, tana rangaɗa guɗa, hawaye na zuba. Ashe Kawu Sale ne, ƙaninta. Rabonsu da juna tun da ta baro Kano a ƙafa. Duk jirgin alhazan da ya iso sai ta zo dubawa.

Sai ga wani Baturen Sifaniya, ma'aikacin jirgin kaya, a guje da akwatin magani. Ya zaro ɗan littafinsa na koyon Turanci yana lalube, yana tambaya ta: kuka take ko ihu? Wa ya mutu?

Ummi ta ce, "Ɗahiru, me wannan yake so?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Ce masa ya rufe littafin, babu ita a ciki. Shekara ashirin da biyar nake ajiyar guɗar nan. Halas, shi ke nan, yau ta fito!"

Bature ya ajiye akwati, shi ma ya gwada. Wallahi kamar akuya ta shaƙe! Kawu har da zama a ƙasa don dariya.

Da ku ne, me za ku ce masa? Idi abokin dakona yana wurin, yana nan unguwar Hindawiyya, ku tambaye shi.