Dogo a Cikin Tanti

Ni gyaran jaka da takalmi nake yi, a ƙarƙashin wata baranda a tsallaken titi, daura da kantin da ake sayar da tantuna da kayan kwanan daji. Gaban kantin gilashi ne daga ƙasa har sama, don haka abin da ake yi a ciki ina gani ko ban so ba. A nan Dogo yake aiki. Unguwarmu ɗaya da shi, tare muka yi furfura.

Dogo direban babbar mota ne tun yana saurayi. Rabin rayuwarsa a gefen hanya ya kwana, a ƙarƙashin mota, kan kwali, ya lulluɓa da tamfol wanda sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. Da idonsa ya fara hazo, da kansa ya miƙa makulli, bai jira an karɓa ba. Ya zauna a gida har zaman ya ishe shi, ya ishi matarsa ma. Ta ce masa, “Malam, ƙafafunka sun tare mana tsakar gida. Ka fita ka sha iska mana.”

Shan iskar ne ya riƙa kawo shi wurina. Wata rana Madam mai kantin ta kawo mini jaka in sa mata zif. Dogo ya miƙe don ya ba ta benci, ta ɗaga kai tana bin tsawonsa da kallo kamar mai duba falwaya. Ta ce, “Baba, kana son aiki?”

Tantunan nata ba irin waɗanda muka sani ba ne. In an naɗe ɗaya bai fi burodi girma ba, da yatsa biyu za ka ɗauke shi. Akwai mai launin ruwan lemo, akwai kore, sandunan sirara kamar tsinken tsintsiya. Ga kujera mai naɗewa, ga murhun da ke shiga aljihu. Masu saye samari ne da ’yan mata masu motoci, waɗanda ke barin katifa su je gindin dutse su kwana don nishaɗi. Kuma duk wanda ya shigo tambayarsa ɗaya ce: wannan ɗan abin zai ci mutum kuwa?

Amsar tambayar ita ce aikin Dogo. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya rarrafa ciki, ya miƙe ƙafafu, ya ja zif. Sai Madam ta ce, “Kun gani? In ya ci Baba Dogo, wa zai gagara?” A yi dariya, ya rarrafo ya fito.

A gida cewa ya yi kula da kaya yake yi. Ba ƙarya ba ce duka, tunda yana share musu ƙura. Gwiwa ba ta dame shi ba, dariyar baƙi ma ya saba da ita. Mutum ɗaya yake gudu: mijin autarsa, wanda ake kira Injiniya. Yaron kirki ne. Duk ƙarshen mako yana zuwa gaisuwa, ya zube ƙasa, kansa a sunkuye, yana tambayar Dogo labarin hanyoyi.

Dogo ya ce mini, “Mai gyara, duniya duk ta gan ni ina rarrafe, ban damu ba. Ban da yaron nan. In ka hango motarsa, ka buga guduma da ƙarfi in ɓuya a sito.”

Na yi ta sa ido kuwa. Sai dai ranar da Injiniya ya zo, a motar abokinsa suka zo, su uku. Ban gane shi ba sai da ya tura ƙofa. Na sunkuci wata jaka da na gama gyarawa na tsallaka titi, amma ashe tun kafin su shigo Dogo yana cikin tanti, zif a rufe, har Madam ta faɗa musu akwai dogon tsoho a ciki.

Ɗaya daga cikin abokan, mai baƙin tabarau, ya taɓa gefen tantin da ƙafarsa. Ya ce, “Madam, da tsohon ake sayarwa, ko shi kyauta ne?”

Suka kwashe da dariya, har da Injiniya, don bai san wanda ke ciki ba.

Madam ta ce, “Baba Dogo, fito su gan ka.”

Bai fito ba. Ashe ya gane dariyar surukinsa. Madam ta sake kira, ta sunkuya ta zuge zif da kanta. Ba yadda ya iya. Ya rarrafo, hularsa ta maƙale a bakin tantin ta faɗi, ya ɗago kai yana kan gwiwoyinsa, sai ga shi a gaban takalman Injiniya.

Na ga fuskar yaron ta sauya. Bakinsa ya motsa. Sai ya juya ya ɗauki wata tocila daga kanta yana jujjuya ta.

Mai tabarau ya zaro waya. Ya ce, “Baba, don Allah sake shiga, ban ɗauka ba. A hankali, irin na kunkuru.”

Dogo ya dubi surukinsa. Surukin yana karanta jikin tocila. Dogo ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya sa, ya juya ya sake rarrafawa ciki. Ni ma da nake tsaye da jaka a hannu, ƙasa na riƙa kallo.

Da suka tafi ya fito, ya goge gilashi, ya jera kujeru. A hanyar gida, da muka kai lungunsu, ya tsaya. Nan ya ce, “Gwamma da bai gaishe ni ba. Da ya gaishe ni, ina zan sa kaina?” Amma muryarsa ba ta yarda da abin da yake faɗa ba.

Ƙarshen mako Auta ta zo ita kaɗai da yara, ta ce aiki ya riƙe maigidan. Na gaba ma haka. Matar Dogo ta fara tambaya ko an yi wa yaron laifi ne. Dogo ya daina cin abinci sosai. Bai bar aikin ba, sai dai in ya shiga tanti yakan daɗe bai fito ba.

Wata safiya ina ɗinke bakin jaka, inuwa ta rufe mini haske. Injiniya ne, ya rame.

Ya ce, “Baba, yana ciki?”

Na ce, “Yana ciki.”

Ya ce, “Ban san da wane ido zan kalle shi ba.”

Na ce, “Shi ma abin da yake faɗa ke nan.”

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsallaka, ni ma na bi shi. Akwai masu saye, wata mata da mijinta, Dogo kuma yana kwance a cikin tanti mai ruwan lemo, zif a rufe. Injiniya ya cire takalmansa a gaban kowa, ya durƙusa a bakin tantin har wandonsa na ofis ya taɓa ƙasa.

Ya ce, “Baba, ina kwana.”

Tantin ya ɗan motsa. Zif bai buɗe ba. Can sai murya ta fito ta cikin yadin, ƙasa-ƙasa.

“Lafiya lau. Ya yaran?”

“Suna gaishe ka. Baba, ranar nan…”

“Ya aiki?”

“Da godiya.”

Matar da ta zo saye ta raɗa wa Madam, “Wane ne wannan?”

Injiniya ya amsa mata bai ɗago ba. Ya ce, “Surukina ne a ciki, Hajiya. Ku ɗan ba mu wuri.”

Madam ta ja su zuwa wurin kujeru. Haka suka ci gaba da gaisawa, ɗaya a ciki ɗaya a waje, yadi a tsakaninsu, suna tambayar lafiyar kowa da kowa har da maƙwabta. Ni dai na koma bakin aikina, don na ga ba za a buɗe zif ɗin nan ba muddin akwai mai kallo.