Yadda Aka Tsofar da Burgamaina a Hatta

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Port Saeed da ke Deira, ni da abokin ɗakina mai mota, wata Asabar cikin sanyin ƙarshen 2019. A kujerar baya na kwantar da kayana kamar jarirai: burgami biyu, zabira da gafaka. Masu bibiyata sun san aikin sito nake yi a Jebel Ali, amma gidanmu a Kano dukawa ne, kuma hannu ba ya manta basilla. Wasu masu shirya wasan tarihi ne suka nemi jakunkunan fata irin na fataken da, ɗinkin hannu, domin za su nuna ayarin raƙuma a garin Hatta, can cikin duwatsu. Tun bazara nake ɗinkin nan bayan an tashi aiki, jar fatar ma daga gida aka taho mini da ita. Burina ɗaya ne: jama'a su ga aikin gidanmu da idonsu, a daina yi mini kallon mai ɗaga kwali kawai.

Hanyar da ta miƙe tana ratsa ƙasar Oman, baƙi irinmu ba sa bin ta, sai muka zagaya ta Sharja. Titi sumul, ba rami, ba mai tsare ka ya miƙo hannu. Jan yashi ya raka mu har ya gaji, sannan baƙaƙen duwatsu suka karɓe mu. Mun tsaya mun sha shayin madara da suke kira karak na dirhami ɗaya da burodin Indiyawa mai ƙwai. Abokina ya taya zumar Hatta a bakin hanya, da ya ji kuɗin sai ya ce lallai ƙudan garin nan albashi ake biyan su.

A filin wasan an kafa tantuna, raƙuma na durƙushe suna tuƙa. Aka kai ni wajen mai kula da kayan wasa, wani mutum mai fara'a da tabarau a goshi. Ya juya burgamin, ya shafa ɗinkin, ya ja tuntayen.

"Habibi, aiki ya yi kyau," in ji shi, "amma ya yi sabo. 'Yan kallo ba za su yarda na da ba ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai fataken ma sabo suke saye."

Ya yi dariya. "Shwaiya, ɗan kaɗan kawai za mu tsofar da su. Yalla, a yi sauri, lokaci na tafiya."

A nan ya kamata in kwashe kayana in kama hanya. Ban yi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ni kuwa ina kwaɗayin a gani. Na gyaɗa kai, na tsaya ina kallo ma'aikatansa suka goge fatar da takardar yashi, suka kwara mata ruwan shayi, suka ja ta a ƙasa. Tuntayen da na yanka siri-siri, na murza ɗaya bayan ɗaya, almakashi ya cinye su, wai sun cika ado. Wallahi ji na yi kamar fatar jikina ake kankarewa.

Da la'asar ayari ya fito, ana kiɗa, 'yan kallo sun ɗaga wayoyi. Na yi ta ɗage ina neman kayana. Can na hango su a kan raƙumi na ƙarshe, ta gefen da ke kallon dutse ba 'yan kallo ba, an kuma yafa musu bargo saboda hoto. Igiyar zabirar kaɗai ke leƙowa.

Bayan an watse suka maido mini da su cikin leda, har da godiya. Mun iso Deira bayan magariba.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, masu wasan nan ba tarihi suke nema ba, tsumma suke nema, don a tunaninsu mutanen da ba su taɓa riƙe abu mai kyau ba. Amma ban ga laifinsu kamar nawa ba. Su ba su san darajar fatar ba. Ni da na sani, ni na gyaɗa kai.