Dutse Mai Tabo

Har yau in na ji ƙarar taɓarya a kan abu mai tauri, sai raina ya ɓaci. Ba dakan hatsi nake nufi ba, wannan yana da taushi a kunne. Ƙarar dutse a turmin ƙarfe nake nufi, irin wadda ta cika gidanmu na haya a Kakuri shekarun da soja suka koma bariki.

Lokacin kowa cewa yake farar hula sun zo, masaƙu za su farfaɗo. Babanmu yana cikin jira aka sallame su daga masaƙar da yake aiki. Aikinsa a masaƙa duba yadi ne: atamfa na wucewa ta gabansa, da ya hango tabo sai ya ware. Idonsa ya saba da haka har a gida, innarmu ba ta isa ta miƙa masa riga mai ɗigon manja ba.

Da zama ya ishe shi, sai ya bi abokansa haƙar zinariya a dajin Birnin Gwari. Bai yarda da mutanen wurin haƙar ba, don haka yakan loda buhunan dutse a mota ya kawo gida ya daka da kansa.

Kakanmu, mahaifinsa, yana tare da mu, ƙafa ta riga ta ƙi. Shi kuwa ya yi haƙa tun yana saurayi, ya kuma sha gaya mana cewa zinariya ba ko'ina take zama ba. Akwai inda ƙasa ta murɗe tun fil'azal, dutse ya gogi dutse har ya zama falle-falle kamar ɓawon albasa. Ta wannan tsagar ruwan zafi ya taso daga can ƙasa, ya bar farar jijiya. Jijiyar takan yi kauri, ta sirance, ta ɓace, ta sake ɓullowa a gaba. Arzikin, in ji shi, ba a tsakiya mai fari tas yake ba. Yana gefe, inda dutsen ya yi tsatsa da ƙananan ramuka, har azurfa ma nan take raɓewa.

Amma ina! Babanmu zai zazzage buhu a tsakar gida, ya tsuguna ya kama aikin masaƙa. Fari ƙal ya tara, mai tabo ya watsar. Wata rana kaka ya turo masa wani jan dutse da sandarsa.

"Wannan za ka daka."

"Baba, wannan ai datti ne. Kai dai ka huta."

"To in ka ƙi wannan, ka riƙa yayyafa ruwa. Ƙurar dutsen nan garin kwalba ce."

Bai yayyafa ba, wai jiƙaƙƙen gari ba ya tankaɗuwa. Matar maƙwabcinmu, 'yar Filato da iyayenta suka yi aikin kuza, ita ma ta leƙo ta ce, "Oga, abeg, ka ɗaure hanci mana." Ya yi dariya, ya ce ƙurar auduga ma ba ta yi masa komai ba.

Haka rani ya wuce, wani ya zo. Farar ƙura a kan shanya, a bakin randa, a gashin girarsa. Da la'asar ya wanke garin a ƙwarya, ya karkata ta ga rana, ba komai sai yashi. Abin da ke ƙona min rai shi ne, babanmu ba rago ba ne, ba kuma wawa ba. Duk ƙwazon da Allah ya ba shi a kan kuskure ya zuba shi, ga mai sani zaune taku kaɗan daga turmin.

Da damina tari ya fara, muka ce sanyi ne. Da aka je asibiti likita ya ce huhun ya riga ya cushe, auduga ta fara, dutse ya ƙarasa. Ya daɗe yana jan numfashi, ko zuwa masallacin bakin layi sai ya huta a hanya. Kaka da muke ta shirin rabuwa da shi, shi ya zauna a tabarma yana karɓar gaisuwar rasuwar ɗansa. Ko akwai zinariya a duwatsun da aka watsar, ban sani ba, mai gidan ya malale wurin da siminti.

Yanzu masaƙun sun zama kango, samarin Kakuri da Romi kuma suna cika motoci zuwa daji. Inji ke niƙa musu, ƙurar ta ninka ta da. Autanmu yana cikinsu, na yi faɗa na yi lallashi har na gaji. Jiya ya kira ni da murna, wai sun samu jijiya mai kyau. Ban iya taya shi murna ba, don ina jin yadda yake tsayawa a tsakiyar magana yana neman numfashi.