Matar da ke ƙirga yatsu

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗaki na uku a sashen masu ciwon gaɓɓai. Kafin ta taɓa kowa sai ta ɗumama hannunta a jikin kofin shayi. Sannan ta kama yatsun mutum ɗaya bayan ɗaya, tana dannawa, tana ƙirga waɗanda suka kumbura. Shekara talatin tana haka. Sista muke ce mata. Ranar Alhamis ta yi ritaya.

Ni magini ne, a aji huɗu na tsaya, kuma ba na yabon mutum a banza. Matata tela ce. Da yatsunta suka fara kumbura, likita ya rubuta maganin kashe kumburi, Sista ke bibiyarta. Wata uku zafi ya lafa. Sai na yi dabara irin tawa: na ce ta ajiye ƙwayoyin, na sayo mata maganin ƙarfin ƙashi. Gini in ya yi rauni siminti ake ƙara masa. Abin da na sani ke nan.

Bayan shekara muka koma, yatsu biyu sun karkace. Sista ta ɗaga hoton ƙashin wajen taga, ta nuna mini bakin gaɓa ya zaizaye.

"Maigida, wane likita ya ce a daina?"

"Ni ne."

"Sannu, likita! Zauna. A cikin ƙashi akwai masu gini, akwai masu rushewa, kullum suna aiki, ba mai wuce wani. In kumburi ya zo, sai ya aika saƙo cikin jini: masu rushewa ku ƙaru, masu gini ku huta. Kai kana ta jibge siminti, ba ka tare ɗan aiken ba."

Na ce, "To waɗannan biyun fa?"

"Sun tafi. Takwas ɗin nake so ka bar mini."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Matata ta ce, "Sista, ƙyale shi, a gida ma shi ne injiniya." Suka yi dariya, ni ban yi ba.

Sista, tun daga ranar ke ce kike kiran wayata duk wata, ba gaisuwa, sai "Ta sha?" Ke ce mai faɗa da mazan mutane saboda matansu. Jiya mun je asibitin, ɗakin na nan, bencin na nan. Matata ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, ta ce mini ƙafarta ta ƙi shiga. Ni ma wayata nake ta dubawa, ko za ki kira.

Ku da kuka gaje ta, ku yi wa irinmu bayani da yaren aikinmu, za mu gane. Ku kuma mazaje, kar ku yi likitanci.

Na gode, Sista, Allah ya saka da alheri. Matata na taka kekenta har yau. Zare a allura ne kawai ya gagare ta, ni nake zura mata kowace safiya kafin in fita.