Mai Batir da Karatun Uwargida

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana cajin batir a wani ɗan shago bayan tashar mota, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Batir. Rigunansa duk asid ɗin batir ya yi musu huji-huji. Da kunne yake gane batirin da ya ƙoshi: in ya kwance murafe ya ji yana tsuwwa ƙasa-ƙasa, sai ya cire waya. Dokarsa ɗaya ce, ba a kunna sigari a ƙofarsa, don yana saurayi batir ya taɓa fashe wa ubangidansa a fuska. Dalilin fashewar kuwa bai taɓa sani ba.

Da autarsu ta shiga sakandare, sai uwargidansa ta ce za ta sake zana jarrabawar da ta faɗi tun tana budurwa, ko ta samu shiga makarantar ungozoma. Wata Asabar ta kawo masa abincin rana, ta zauna kan benci tana hadda, fuska a murtuke.

"Malam, wai lantarki yana raba ruwa gida biyu, ya koma iska iri biyu. Na haddace, amma ya ƙi zama a kaina."

"Sake karanta min a hankali."

Ta sake. Ya ajiye cokali, ya fasa tsofaffin batiran tocila biyu ya zaro baƙaƙen sandunan cikinsu, ya tsoma a kofin gilashi mai ruwa da ɗigon asid, ya haɗa su da batir ta waya. Nan take ƙananan kumfa suka fara tasowa, na sanda ɗaya sun fi yawa.

"Mai yawan nan ita ce haidurojin," in ji ta, tana bin layin littafinta da yatsa. "An ce da ta ji wuta take kamawa, ta sake zama ruwa, ta amayar da ƙarfin da lantarki ya zuba."

Ya ƙura wa kofin ido. Ubangidansa ya rasu da ido ɗaya, bai san abin da ya ci masa ɗayan ba.

"Ashe ita ce," ya ce.

Daga nan Asabar ta zama ranar karatu. Ita ta kawo sunaye, shi ya kawo hannu. Ya ba ta ta taɓa kwalbar da ya tsiyaya asid cikin ruwa, ta ji ɗumi, ta rubuta cewa wannan haɗin zafi yake fitarwa. Ya kuma kira magini ya fasa masa taga babba a bangon baya, iska ta riƙa wucewa.

Sakamako ya fito, ta ci kimiyya, lissafi ya kayar da ita. Ta yi kwana biyu ba walwala. A na uku ya dawo gida da littafin lissafi na hannu, bangonsa a yage.

"Wannan kam ban san kansa ba," ya ce, "amma benci yana nan."