Lissafin Abdulnasir Mai Firji

Duk wanda firjinsa ya taɓa mutuwa a unguwar Kabalaye da ke Njamena ya san Abdulnasir. Gajere ne, sanƙonsa ya riga shekarunsa isowa, kuma ba ya taɓa firji sai ya kara kunne a jikinsa tukuna, kamar likita. Shagona na ɗinki yana jingine da nasa shekara goma sha ɗaya, don haka ko tarinsa na sani.

Gwaggonsa Aminatu ce ta raine shi a unguwar Walia, can ƙetaren kogi, tun yana wata bakwai. Yanzu ciwon suga ya cinye mata ido. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan hau babur ya haye gada, ya jiƙa mata ƙafafu a ruwan ɗumi, ya yanke mata farce a hankali, don an gargaɗe su cewa ɗan rauni kaɗan zai iya zama babban abu. Ba ta yarda kowa ya taɓa ƙafar nan sai shi.

Bara wani kamfanin kifi a Duwala, can bakin teku, ya neme shi. Sefa jaka ɗari biyu da tamanin a wata, bayan an cire haraji. A nan Njamena, watan da zafi ya yi masa kirki, da kyar yake haɗa ɗari da hamsin. Amma tafiya Duwala na nufin barin Gwaggo.

Ya sayi sabon littafi, ya raba shafi biyu, ya dinga kiran wani abokinsa da ke can yana tambayar farashi. Kuɗin haya, shinkafa, mota, makarantar 'yarsa Zahra. Aka tara, aka cire. Duwala ta yi nasara da jaka sittin.

Sai Abdulnasir ya shiga maguɗi. Ya rubuta laima huɗu a wata. Ya rubuta maganin tsatsa. Ya rubuta kuɗin mura, wai can ruwan sama ba ya hutu.

Na ce, "Laima huɗu? Ci za ka riƙa yi?"

"Iskar teku ce, Malam. Ba ka san ta ba."

"Kai ka san ta? Iyakarka Kuseri, nan ƙetaren gada!"

Matarsa Bahijja ta kawo abincin rana ta tarar da mu a kan maganar. Ta karɓi littafin, ta karanta har ƙasa, inda ya ninka kuɗin tumatir sau uku.

"Baban Zahra," ta ce, "me tumatirin Duwala ya yi maka?"

Yana juya sukudireba a hannu, ta ci gaba da magana.

"Ni ma ina son kuɗin nan. Ina son Zahra ta shiga makaranta mai kyau, ka sani. Amma in ba za ka iya barin Gwaggo ba, faɗi da bakinka. Kar ka ɗora wa laima."

Ya ce, "Ba ta ganin ƙafarta, Bahijja. In ta ji ciwo ba za ta sani ba."

Bahijja ta rufe littafin. "To mun zauna. Amma da sharaɗi. Juma'a kaɗai ba ta isa a ƙi jaka sittin a kanta ba. Ka ɗauko ta ta dawo wurinmu, mu gan ta kullum."

Sati uku ya yi yana lallashin tsohuwa. Ta ce ba ta barin kajinta, aka ce da kajin. Ta ce ruwan Kabalaye ba daɗi, aka yi alkawarin jarka daga Walia.

Ranar da suka iso a bayan a-kori-kura, na fito taya su sauke kaya. Gwaggo ta laluba ta kama hannunsa.

"An ce an kira ka aiki bakin teku ka ƙi."

"Tsada gare shi, Gwaggo."

"Maƙaryaci," ta ce, ba ta saki hannun ba. "Tun kana ƙarami ba ka iya ba. Ina ɗakin nawa?"