Hoton Ƙanena Ya Riga Kawu Isa Gida

A lokacin ni maɗinkin manyan riguna ne a unguwar Kwarbai, kuma ni ne babba a ɗakinmu tun rasuwar mahaifinmu. Karatuna bai yi nisa ba, amma ba na son a yi abu kafin lokacinsa. Ranar da ƙanena ya cika a asibiti bayan hatsarin babur, na shanye kukana na tsara komai. Da farko kawunmu zai je ya sami Inna, ya zauna, ya ce mata jikin ya yi tsanani, sannan ya kai ta ga maganar a hankali, yadda ake yi wa uwa a cikin birni, balle mai hawan jini. Bayan nan wanka da likkafani. Sanarwa ita ce ta ƙarshe.

Akwai abokin marigayin da ke tsaye a bakin gadon. Ban ce ya kama bakinsa ba, don ban zaci sai an faɗa wa baligi haka ba. Ashe kafin kawu ya sami keken da zai kai shi gida, mutumin nan ya ɗauki gawar hoto ya watsa a guruf ɗin waya na 'yan unguwa, ya rubuta cewa duk wanda ya gani ya ce amin, ya tura gaba ya sami lada.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, wata maƙwabciya ta faɗo da salati ta miƙa mata waya. Da kawu ya iso, a kwance ya same ta ana yayyafa mata ruwa. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Sa'ad da muka shigo da makara don ta yi wa ɗanta addu'ar bankwana, ita tana gadon asibitin da ya bari.

Bayan sadakar uku na kira mutumin. Ko a jikinsa. Ya ce shi addu'a ya nema wa mamaci, har yana nuna mini jerin amin a wayarsa, wai ya ji wani malami a bidiyo yana kwaɗaitar da haka. Na tambaye shi ko malamin ya ce a fara da uwar mamaci. Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Abin da kowa ke ce mini ke nan, kuma na yarda da ƙaddara, amma yatsan mutum ne ya danna.

Na koyi cewa neman lada ma yana da tsari. Jama'a, in mutuwa ta riske ku, ku ajiye waya. Ku tambaya ko uwa ta ji, ko mata ta ji. Addu'a ba ta buƙatar hoto kafin ta isa.

Har yau, in na ɗaga Inna zan jingina ta da matashi, takan riƙe rigata da hannun da ya rage mata, ta ce, “Wai wa ya ɗauki yarona hoto a haka?”